Neman Shaidar Aikin Maigida: Daga Kende Har Kandi

Ni 'yar uwarku ce daga garin Kende a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, matar malamin asibiti, uwar yara huɗu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a 'yan shekarun nan da wuya ki je gidan biki ko suna ba ki ji ana cewa mijin wance zai tafi aiki Saudiyya, ko ɗiyar wane tana shirin Ingila ba. Kowa kuma lissafin kuɗin fasfo da biza da na jirgi yake yi. Ban taɓa jin wadda ta ambaci abin da ya fi cin ranmu ni da maigidana ba, wato takardar shaidar aiki, 'yar falle ɗaya da za ta nuna cewa mutum ya yi aiki a wuri kaza, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. Wata biyar muka yi muna bin sawunta, har sai da ta fitar da mu daga ƙasar nan.

Bari in fara gaya miki irin mutanen da muke, domin ki gane yadda abin ya zo mana. Mu mutanen bakin iyaka ba mu tashi mun ga takarda tana da wani girma ba. Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su zauna a 1898 su raba ƙasar Borgu gida biyu, kakanninmu suke auratayya da cinikayya da mutanen tsallake, kuma layin da aka ja bai hana komai ba. Har gobe akwai wadda ɗakinta yana Najeriya, gonar ubanta tana Jamhuriyar Benin. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 da ta yarje wa mutanen yankin su shiga ƙasashen juna su yi kwana 90 ba tare da biza ba, mu dai ta tarar da mu muna yi ne. A wajenmu shaidar mutum ita ce ɗan gidan wa ne shi, kuma wa ya san shi. To, da wannan tunanin muka tunkari mutanen da ba su san gidan kowa ba, ba su kuma yarda da komai sai abin da ke rubuce da hatimi a ƙasansa.

Maigidana ya gama makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kebbi a 2011. Ya yi shekara uku a wani ƙaramin asibitin kuɗi a wani gari na bakin iyaka, sannan a 2015 gwamnati ta ɗauke shi, daga baya ya ƙaro karatun digiri a Sakkwato. Mutum ne da bai taɓa sha'awar barin gida ba. Amma tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira, albashin da da yake kai mu ƙarshen wata sai ya koma ba ya wuce ranar goma sha biyar, ga Inna, ga ƙannensa, ga kuɗin makarantar yara. A farkon 2025 wani abokin karatunsa da ya riga shi tafiya ya sanar da shi cewa asibitin da yake aiki a garin Tabuka suna neman ma'aikata. Aka yi masa tambayoyi ta waya mai hoto, suka ce ya yi musu, ya kawo takardu.

Da aka gaya wa Inna, surukata, sai ta hau murna wai ɗanta zai zauna Makka. Aka ce mata Tabuka ce, tsakaninta da Madina ma kusan kilomita 700 ne. Ta yi shiru, sannan ta ce ai ko ba komai garin da aka yi yaƙi ne zamanin Manzon Allah (SAW), ta san sunan.

Yanzu ga yadda abin yake, don wadda mijinta ko ɗiyarta ke da niyya. Ma'aikacin lafiya ba ya aiki a Saudiyya sai hukumar da ke kula da ƙwarewar ma'aikatan lafiya ta ƙasar ta yi masa rajista, bayan ya ci jarrabawarta da ake yi a kwamfuta. Ita kuma hukumar ba ta karɓar takarda don kawai ta ga tambari mai kyau. Akwai wani kamfani da ake kira DataFlow, aikinsa shi ne ya bi kowace takarda har inda ta fito. Za su tuntuɓi makarantar da ta ba da shaidar karatu, su tuntuɓi Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya a kan lasisi, su tuntuɓi asibitin da aka ce an yi aiki, su tambaya: kun san wannan mutum? Ku kuka rubuta wannan takarda? Kwanakin da ke ciki haka suke? Amsa iri uku ce ke fitowa. Ko dai a ce an tabbatar, ko a ce an kasa tabbatarwa saboda ba a sami mai amsawa ba, ko kuma a ce an sami saɓani. Wannan ta ukun ita ce baƙar takarda, domin kamfanin nan shi ke yi wa hukumomin lafiya na Katar da Daular Larabawa da Oman irin wannan aiki, ke nan tabon zai iya bin mutum duk inda ya nufa a yankin.

Muka ɗauka ta gwamnati ba za ta ba mu wahala ba, tunda shekara goma yana wuri ɗaya, kowa ya san shi har masu shara. Ya rubuta takardar neman a ba shi shaida, bayan mako biyu aka miƙo masa. Da ya kawo gida ya karanta mini yana fassarawa, sai da na ji kaina ya yi girma. An ce mutumin kirki ne, mai ladabi da biyayya, mai riƙon amana, ba a taɓa samunsa da abin kunya ba, ana roƙon duk wanda takardar ta je hannunsa ya taimaka masa. Wallahi ko neman aure za a je da ita ta isa. Ya ɗauki hotonta ya tura wa abokinsa, shi kuwa ya bugo waya yana dariya, ya ce wannan ai yabo ne, ba shaidar aiki ba. Babu ranar da ya fara, babu muƙaminsa, babu sashen da ya yi aiki.

Abin da suke so kaɗan ne, amma ba su yafe ko ɗaya. A rubuta ta a kan takardar asibitin mai ɗauke da suna da adireshi a sama. A sa cikakken sunan mutum kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi. A faɗi muƙaminsa, da ranar da ya kama aiki da wata da shekara, da ranar da ya bari ko a ce yana nan har yanzu, da sassan da ya zauna, ko ɗakin tiyata ne ko na yara ko na gaggawa, a kuma nuna cikakken ma'aikaci ne ba ɗan sa-kai ba. Mai sa hannu ya rubuta sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi, sannan a sa lambar waya da adireshin imel da in an aika saƙo akwai mai buɗewa. Sau uku aka sake buga takardar nan. Ta biyun an sa ranar da aka tabbatar da shi a aiki a maimakon ranar da ya fara, wanda hakan ya cinye masa shekara biyu a banza, sai da aka ɗauko fayil ɗinsa aka zaro takardar kama aiki aka gwada. Imel ɗin kuwa da ke saman takardar asibitin, ashe wanda ya buɗe shi an yi masa canjin wurin aiki tun tuni, ya tafi da lambobin sirrin a kansa. Da ba don wani yaro akawu ya faɗa masa gaskiya ba, da saƙon masu bincike ya je ya kwanta a akwatin da ba mai buɗewa, mu kuma muna nan muna ta jiran tsammani.

Sai maganar suna, wadda na san ba gidanmu kaɗai ba. Malamin firamare ya rubuta yaro da sunan garinsu a ƙarshe, a sakandare aka sa sunan uba, wajen yin katin ɗan ƙasa aka haɗa duka biyun. Ga kuma rubutun sunan kansa, wani ya sa Muhammadu, wani Mohammed, wani ya gajarta shi. A wajenmu duk mutum ɗaya ne, a wajensu mutum uku ne. Sai da ya je babbar kotu ya yi rantsuwa, aka buga sanarwa a jarida, sannan aka daidaita. Wannan bai ɗauki lokaci ba, kuɗi dai ya ci.

Inda gizo ke saƙar shi ne shekaru ukun farko. Asibitin Tabuka sun ce albashi yana tafiya ne da yawan shekarun da aka tabbatar, don haka shekara goma da goma sha uku ba ɗaya ba ne a ƙarshen wata. Maigidana yana da wata 'yar takarda da likitan asibitin kuɗin ya ba shi lokacin da zai bar su, tana cikin jakar da yake ajiyewa a ɗakinsa na zaure. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar Kebbi, ba ta bar mu ba. Ruwa ya shigo da dare, aka yi ta yara da hatsi, da gari ya waye jakar tana iyo. Takardun makaranta Allah Ya sa suna cikin leda a adakata, su suka tsira. Waccan kuwa tawadar ta narke, ta koma kamar an shafa shuni.

Ya hau babur ya je garin don a sake ba shi wata, ya tarar da ginin ya koma shagon sayar da taki da maganin feshi. Maƙwabta suka ce tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 kasuwar garin ta mutu, fatake suka daina zuwa, masu zuwa asibitin daga tsallake suka ragu, Likita ya ga ba zai iya biyan ma'aikata ba, ya rufe a 2020 ya kwashe iyalinsa. Ina ya tafi? Wani ya ce Kwatano, wani ya ce Ilori, wani ma ya ce ai ya rasu. Lambar wayarsa kuwa wata mai sayar da kifi ce ta ɗauka.

A nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Akwai wani mai shagon buga takardu da maigidana ke zuwa ɗaukar hoton takardunsa, ya ga yana ta kai da kawo, ya ja shi gefe ya ce, "Malam, me zai sa ka wahalar da kanka? Asibitin ya mutu, mai shi ya ɓace. Kawo naira 40,000 in yi maka takarda da hatimi, in sa lambata a ƙasa, in sun bugo ni ne likitan. Ai ba ƙarya za ka yi ba, ka yi aikin."

Daren nan bai ci tuwo ba. Bayan yara sun kwanta ya gaya mini, ya ce abin da ke damunsa shi ne maganar yaron ta ƙarshe, domin da gaske ya yi aikin, ya kwana a kan marasa lafiya, haƙƙinsa ne. Na ce, "Malam, aikin gaskiya ne, amma wanda zai ce shi ne likita alhali ba shi ba ne, me sunan abin da ya yi? Kuma wa ya sa shi?" Ya ce shaidar zur. Na ce to abincin da za a ci da wannan ƙarin albashin, ni da 'ya'yana ne za mu ci, kuma ni ban iya ba. Ban ƙara ko kalma ba, domin na san mijina, in aka cika masa baki sai ya ga kamar ana koya masa addini. Da asuba da ya dawo masallaci shi da kansa ya ce a bar maganar yaron nan.

Ko a ajiye batun lahira a gefe, 'yar uwa, ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ba mai shi kaɗai yake rufewa da shi ba. A 2023 hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, sai ta soke sakamakon kusan mutum 2,000 da suka zauna a wurin. Da yawansu ba a tuhume su da komai ba, amma sai da suka sake jarrabawa, wasu suna can Ingila da iyalansu hankali a tashe. Duk takardar jabu ɗaya da aka kama daga ƙasar nan, mai gaskiyar da zai zo a baya shi ke biyan kuɗinta.

Inna ce ta warware mana. Ta lura kwana biyu ɗanta ba ya sakewa, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke ɗiyata, mi kuka biɗa da kunka hana ma kanku kwana?" Na kwashe labari na gaya mata. Ta tambayi wane likita, na kwatanta. Sai ta ce, "Wanga dogo mai gilashi? Ai matatai ɗiyar Kandi ta. Ku bar ni da shi. Mutum ba shi ɓacewa in shina da surukkai."

Mu da muka yi boko mun yi mako uku muna neman mutum a intanet da ofisoshi. Inna da ba ta san bihim ba, kwana shida ta yi. Ta aika wa ƙanwarta da ke aure a Ka'oje, ita kuma ta tambayi wata mai kai daddawa kasuwar Tsamiya, mai daddawa ta gaya wa gwaggona da ke Segbana a cikin Benin, gwaggo kuma ashe sun taɓa haɗuwa da matar Likita a wajen wata ta'aziyya. Aka aiko mana da lambar waya a rubuce a bayan kwalin ashana. Muka buga, muka buga, ba ta shiga, har mun fara cewa an yi kuskuren rubutu. Sai wani yaron maƙwabtanmu mai zuwa Malanbil sayen albasa ya duba ya ce ai lambar tsohuwa ce mai guda takwas, tun ƙarshen Nuwamba na 2024 Benin ta mai da lambobinta guda goma, sai an sa 01 a gaba. Aka sa, ta shiga. Muryar tsoho ta amsa da Faransanci, da ya ji sallama da Hausa ya juya harshe.

Bayan ƙaramar Sallah muka tafi, ni da maigida, tunda dama na daɗe ban gai da gwaggo ba. Daga Kende zuwa Bagudo, muka haye Kwara ta gadar Tuga, muka bi ta Ka'oje zuwa Tsamiya, muka kwana Segbana, washegari muka shiga motar Kandi. Hanyar ba kamar da ba ce, yanzu ba mai son dare ya yi masa a daji, ga tsayawa wajen jami'ai kowane ɗan taƙi. Naira kuma da aka canza mana zuwa sefa sai ta koma kamar an yi mata aski.

Likita ya tsufa, idonsa ɗaya ya yi yana, amma yana ganin maigidana ya kira shi da sunan da suke kiransa a asibiti. Ya dube ni ya ce, "A'a, amarya ce wannan?" Na ce amarya mai 'ya'ya huɗu, Baba. Bayan an ci abinci maigida ya faɗi abin da ya kawo mu, ya ce ya fara aiki a watan Janairu na 2012. Ni dama tun a gida na gaya masa ba Janairu ba ne, domin lokacin yajin aikin man fetur na Janairun 2012 yana zaune a gida ba shi da aiki, ana ta shirin bikinmu ana tunanin da me zai riƙe ni. Likita bai ce da mu komai ba. Ya sa jikansa ya jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da manyan littattafai masu baƙin bango guda biyar, waɗanda yake rubuta albashin ma'aikata da hannunsa. Ya ce duk abin da ya bari a can ya bari, amma waɗannan bai yarda ya bar su ba, saboda haƙƙin mutane ne a ciki.

Ya yi ta buɗawa yana kai fuskarsa kusa da shafi, har ya tsaya. Ranar 5 ga Maris, 2012. Ga sunan maigidana, ga albashinsa na farko, naira 18,000, ga sa hannunsa na ƙuruciya mai ƙawa da lanƙwasa wanda yanzu ya daina. Muka bi wata bayan wata. A wani shafi na 2013 an rubuta da jan biro a gefe: rance naira 10,000, sunan ɗiya. Babbar 'yarmu ke nan, wadda yanzu take sakandare. A ƙasa kuma an ja layi an rubuta: an yafe. Maigidana bai taɓa sanin an yafe ba, shi a zatonsa an cire a albashi a hankali. Ya sunkuyar da kai ya daɗe bai ɗago ba, ni kuma na ja mayafi na rufe fuska.

Likita ya ce zai rubuta abin da littafi ya faɗa, ba ƙari ba ragi, daga 5 ga Maris 2012 zuwa ƙarshen Fabrairu 2015. Yana da sauran takardun asibitin masu suna a sama da tsohon hatiminsa, amma ya ce ba zai sa tsohuwar rana ba don a ɗauka tun da aka rubuta. Ya sa ranar da muke, ya bayyana a ciki cewa asibitin ya rufe a 2020, shi ne mai shi, ga lambar rajistarsa ta likita, ga wayarsa, ga imel ɗin ɗansa. Muka ɗauki hoton shafukan littafin guda talatin da shida. Da maigida ya ciro 'yan kuɗi zai ba shi, ya ɓata fuska ya ce, "Ɗana, shaida ake saye?"

Duk da haka ba mu sami shekara ukun cif ba. Tunda asibitin babu shi, sai aka nemi hujjar cewa ya taɓa wanzuwa da izinin hukuma. Maigida ya je Birnin Kebbi, sashen da ke yi wa asibitocin kuɗi rajista, aka duba aka samu, amma rajistar ta fara ne daga 2013. Ashe shekarar farko Likita yana aiki ne takardunsa suna kan hanya. Aka ƙirga masa biyu, ɗaya ta tafi. Ya ji zafi, ni ma na ji, domin na san a shekarar nan ne ya fi shan wahala, shi ne mai allura shi ne mai wankin ciwo shi ne mai kwana. Amma da aka bugo wa Likita waya daga wajen masu bincike, aka yi masa tambayoyi, duk abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke takarda, kuma mun yi barcinmu a daren.

Akwai wata magana da ba zan ɓoye ba, ko da ba ta yi mana daɗi ba. Ranar da shugaban asibitinsu zai sa hannu a takarda ta uku, ya riƙe biro ya ce, "Malam, ba zan hana ka ba, haƙƙinka ne. Amma in kowa ya tafi, wa zai tsaya a kan matanmu in haihuwa ta zo da gardama?" Maganarsa tana kan hanya. A farkon 2024 shugaban Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ya faɗa cewa ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. A watan Fabrairun shekarar hukumar ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki, ya kuma kawo takardar shaida daga shugaban wurin aikinsa, kafin a tantance shi don fita waje, abin da ya sa ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da ma'aikatan lafiyarsu suka yi ƙaranci ainun. Ni ba sai an karanta mini alƙaluma ba. Ni ce nake buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare in an zo da yaro yana suma, ni nake riƙe fitila. Matan unguwarmu da suka ji zai tafi, wata ta ce mini a bakin rijiya, "Kun samu, mu mun rasa." Ban iya ba ta amsa ba. Abin da na sani shi ne wanda yake duba 'ya'yan mutane bai kamata nasa su kwana ana lissafin kuɗin awo ba, kuma wannan gyaran ba a hannun matar malamin asibiti yake ba.

Ke da mijinki yake aiki a yau, ko a gwamnati ko a wajen wani Alhaji, ko da ba ku da niyyar zuwa ko'ina, ki lallaɓa shi ya karɓi shaidar aiki tun suna shiri da mai wurin, tun wurin yana nan. Ranar da zai bar aiki ita ce ranar karɓa, kuma a rabu lafiya, don wanda ka yi wa tsiya yau shi za a buga wa waya bayan shekara goma. Takardar kama aiki, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma, da 'yan takardun albashi da maza ke cusawa a aljihu har a wanke da su, ki karɓa ki adana a leda a wuri mai tudu, ki sa yaro ya ɗauki hotonsu a waya ya tura wa wani ɗan uwa a wani gari. In kuma ke ce ma'aikaciyar, malamar makaranta ko ungozoma, ki kula da sunan da ke takardunki, kada zumuɗin amarci ya sa ki canza wasu zuwa sunan miji ki bar wasu da na uba. Ƙa'idojin hukumomin nan kuwa suna sauyawa, sai a tambayi wanda ya yi kwanan nan, ba wanda ya yi shekara biyar da suka wuce ba. Kuma a yi hattara da dillalan da ke cewa a ba su miliyoyi su gama komai, mu ba mu bi ta hannun kowa ba.

Sakamakon bincike ya fito a watan Yuli, ya ci jarrabawa, a watan Oktoba na 2025 muka raka shi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Ya samu igama, ya yi Umra, ya aiko wa Inna da dabino da hotonsa cikin harami, wanda ta sa aka wanke mata ta rataye.

Yanzu kuma layi ya zo kaina. Kafin iyali su bi mutum sai an nuna takardar aure da takardun haihuwar yara, a fassara su zuwa Larabci, a kai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimi. Na yara uku suna nan daga Hukumar Ƙidaya, ta auta ce ake kan yi. Aurenmu kuwa, kamar na yawancinmu, a ƙofar gida aka ɗaura shi, aka raba goro aka watse. Alƙali ya ce a kawo waliyyi da shaidu biyu da suka halarta. Baffana da ya ba da ni yana nan da ransa, shaida ɗaya yana Zagga, ɗayan kuma an ce ya koma wajen 'ya'yansa a Gaya ta Nijar. Na gaya wa Inna jiya da daddare, ta ce in kawo mata wayarta in sa mata kati.